Tsohon da Ke Fara Fim Daga Ƙarshe

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin na'ura na wani gidan silima, ɗan akurki a saman kawunan 'yan kallo. Zamanin finafinan baƙi da fari ne, na 'yan leƙen asiri masu dogayen kwat da 'yan sandan ciki masu bin sawun mai kisa. Idan fim ya iso a gwangwani, shi ke warware shi ya liƙe inda ya tsinke. Da yake a naɗe ta baya yake zuwa, daga ƙarshe Baba ke farawa. Tun ba a yi kisan ba ya san wanda ya yi.

Silima ta rufe, aka mai da ita sito, amma hali zanen dutse. Autarsa, da ta gaji son finafinan nan, ita ta sha wuyarsa. Tana kallo, mutum zai shigo a fim ko hula bai cire ba, sai Baba ya nuna shi da baki: "Wannan mai murmushin shi ne munafukin."

"Haba Baba! Don Allah mana!"

"To ƙarya na yi? Taimakonki nake, kar ki ɓarnatar da tausayinki a kansa."

Ta rufe ƙofa, ya faɗa mata ta taga. Ta koma kallo a waya, ya leƙo ta bayan kafaɗarta. Har addu'a ta yi Allah ya nuna mata ranar da tsohon nan zai kama bakinsa.

Bara mantuwa ta kama shi, har yana kiran auta da sunan ƙanwarsa. Likita ya ce a riƙa nuna masa abin da ya saba da shi, a ga me ya rage. Auta ta nemo fim ɗin da Baba ya fi ɓata mata kallonsa, na wata mata mai satar takardun sirri a jirgin ƙasa, ta kunna a falo. Yau kam jira take ya yi magana. Ɓarauniyar ta shigo, shiru. Ta sake shigowa, Baba ya matso bakin kujera ya ƙura ido, ko tari babu.

Haƙurin auta ya ƙare. "Baba, ba ka gane ta ba? Ai ita ce ta..."

Ya watsa mata harara. "Ke wace irin yarinya ce? Wa ya koya miki ɓata wa mutane kallo?"

Shi ya ci gaba da kallonsa cikin nishaɗi, ita kuwa hawaye ya hana ta ganin komai.