Kati Na Tara

Malama Mai Kati ba ta da digiri. Takardar tarihin aikinta shafi ɗaya ce tak: shekara goma sha ɗaya tana koyar da 'yan aji uku, shekara shida tana koya wa matan wata ƙungiya karatu, sai layin ƙarshe, mai horarwa da jagorantar taro, wanda ya cinye sauran rayuwarta. Mijinta ya rasu da wuri. 'Ya'yan sun girma sun watse, kowa da gidansa. Ita kuwa ta fi sanin ɗakunan otal fiye da nata ɗakin.

Katin ne ya ba ta suna. Duk ƙungiyar da tafiyarta ta rikice aka kira ta, sai ta raba wa kowa farin kati ya rubuta abin da bakinsa ya kasa faɗa, ba suna, ba sa hannu. Ta tattara ta karanta a gaban kowa. Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta tsallake ko guda. A aji ta koyi wannan dabara, wurin yaran da ba sa ɗaga hannu.

Aikin ya jawo mata girma, bai jawo mata ƙawaye ba. Wa zai saki jiki da matar da ta san cikin kowa? Mutum ɗaya gare ta, Shugaba, wadda ta kafa ƙungiyar matan nan kuma ta fara ɗaukar ta aiki. Ita kaɗai ke kiran ta ba don aiki ba.

"Ke 'yar yawo, yau a wane otal aka jibge ki?"

"Wanda famfonsa ba ya kawo ruwa, Yaya."

"Maganinki ke nan. Kin ci abinci kuwa?"

Bara ma'aikata uku suka bar ƙungiyar Shugaba cikin wata biyu, sai ta ce, "Ƙanwata, zo ki duba min yaran nan, ban san abin da ke damun su ba."

Ranar taron, mutum goma sha huɗu ne a ɗakin, fanka na ƙara a sama, Shugaba na zaune kusa da taga tana murmushi. Katunan farko duk ƙorafin kujeru ne da motar ofis. Da Malama ta ɗaga na tara, idonta ya riga bakinta: "Mama ta gaji, mu ma mun gaji. Ko biro ba a saye sai da izininta. Ta sauka ta huta."

Tura katin ƙarƙashin sauran ba wuya, ba wanda zai gani. Amma wanda ya rubuta yana cikin ɗakin, ya yarda da ita, yana jira. Ta dubi Shugaba, ta dubi katin. Ta karanta shi da muryar da ta karanta na kujeru.

Shugaba ta yi 'yar dariya.

"Anya kin ga rubutun da kyau, ƙanwata?"

"Na gani, Yaya."

Kati na goma ma haka ya ce, da na sha biyu.

Bayan wata biyu Shugaba ta sauka. Ƙungiyar ta miƙe, biyu cikin waɗanda suka tafi sun dawo. Malama ba ta ji labarin daga bakin Yayarta ba, a wasiƙar godiyar sabuwar shugaba ta gani.

Malama ta shirya ta tafi gidan Shugaba. 'Yar Shugaba ta zaunar da ita a falo, ta kawo ruwa, ta shiga ciki. Daga can Malama na jiyo muryar Yayarta tana wasa da jika. An daɗe kafin 'yar ta fito, idonta a ƙasa.

"Anti, ki yi haƙuri, wai ta kwanta."

"Ba komai, 'yata. A bar ta ta huta."

Ta shanye ruwan duka, a hankali, ko za a sake shawara a ciki. Ba a sake ba. Ta ajiye kofin, ta nemi takalmanta a bakin ƙofa.