Sabulu Zuwa Toranke

Gaya

Na bar gida bayan sallar asuba, a makon farko na hutun kaka. Baba ne ya aike ni Toranke wurin yayarsa, Gwaggo Hajara, wadda suka daɗe ba sa magana saboda iyakar wata gona. Ya ce in kai mata gaisuwa da tsaraba, ko Allah zai sa ta huce.

A laburaren kwalejinmu na karanta wani littafin Turawa masu yawon ƙafa, don haka na ƙudurta tafiya a ƙasa, bisa ƙa'ida. A gwanjon Kano na haɗa kayan da ya lissafa: gajeren wandon kaki, riga mai aljihu huɗu, takalmin soja, jakar goyo, tocila. Baba ya ce in sayi goro da gishiri. Amma littafin ya ce kyautar matafiyi ta zama mara nauyi, mara lalacewa. Goro yana bushewa, gishiri kuwa kaya ne. Bayan dogon nazari na zaɓi sabulu.

Ajingi

Kafin hantsi takalmin ya fara cin dugadugaina. Wata motar gyaɗa ta tsaya, direban ya leƙo.

"Ranka ya daɗe, hau mana. Kyauta."

Na ce ai da gangan nake tafiya a ƙasa.

"Da gangan," ya maimaita, ya dubi gwiwoyina, ya ja motarsa a hankali.

Na isa Ajingi da la'asar, na sauka a zauren wani malami abokin Baba. Tuwon dawa da miyar kuka, ba laifi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk layin da na bi sai mata su fito da tsintsiya. Na yaba da tsabtar garin ƙwarai.

Toranke

Washegari da hantsi na yi sallama a ƙofar Gwaggo. Rabona da ita tun ina ƙarami. Kafin a amsa na ji gidan ya kaure: ana jan akuya, ana kife tukwane, wata tana cewa, "Duba-gari ne, a rufe masai!" Duba-gari, malamin tsabtar nan mai kaki da ke cin tarar gidaje. Na so in yi bayani, kunya ta riƙe mini harshe.

Gwaggo ta fito, ta rusuna mini, ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Littafin ya hana shan ruwan da ba a duba ba. Na je bakin randar, na ɗaga faifan, na haska tocila.

"Jiya aka wanke ta, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo.

Na kwance jaka, na miƙa mata sabulun da hannu biyu, na ce da ƙyar, "Daga Gaya. In ji Malam Isa."

Ta miƙe a hankali. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Wane Isan? Ƙanena? Kai ne Habibu?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Shi ya ce ka leƙa mini randa?"

"A'a, littafi ne."

"Sabulun fa?"

Na fara bayanin nauyin gishiri. Ta katse ni. Ta sa aka ara mini doguwar riga, ta ce ba za a ci abinci da cinyoyi a waje ba a gidanta. Ta cika ni da dambu da fura. Da zan tafi ta ba ni saƙo.

"Ka gaya wa ubanka saƙo ya iso: ni ƙazama ce. Ni da na yi masa wanka har ya yi wayo. In ya isa, ya zo ya faɗa da bakinsa."

Gida

Na dawo a bayan motar buhuna. Na isar da saƙon kalma da kalma. Baba ya yi salati, ya dafe kai, washegari ya ɗaure goro da gishiri a keke ya nufi Toranke don wanke kansa. Da niyyar wuni ya tafi, sai da ya kwana uku, ya dawo da zabi biyu, yana ta dariya shi kaɗai. Har yau ba wanda ya sake ta da zancen gonar.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da malamin Ajingi da ya sauke ni, da Gwaggo da ta bar ni na fita da ƙafafuna.