Gorunan da Muka Kai wa Yaya Sule

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Sule, kuma har yau in na bi ta titin Fordham Road na hangi ƙullin garafuni a shago, sai na kawar da kai.

Shekara ashirin ya yi yana tuƙin tasi, ba layin da bai sani ba a nan unguwar Bronx. Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa kafin mantuwa ta biyo baya. Da farko tsokanarsa muke yi, har ranar da aka same shi a ƙofar gidansa yana tambayar masu wucewa ina Sule yake zaune.

Mu 'yan zangon Kumasi da ke zaune a nan ƙasar waje ba ma zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ya zo da jiƙon garafuni, wancan da zogale, wani da shuwaka, kowa na rantsuwa nasa yana sauke sukari, yana buɗe ƙwaƙwalwa. Kuma ba a ajiyewa a tafi, sai an tsiyaya wa mara lafiya ya sha a gaban wanda ya kawo. Yaya ba ya tuna ya sha na wani ɗazu, ga allurar asibiti a jikinsa. Ni ina gani, amma kunya ta hana ni ce wa dattijo ya mayar da gorarsa. Wata Lahadi baƙi huɗu suka zo, kowa da gorarsa. Da la'asar sukarinsa ya faɗi, bai sake farfaɗowa ba. Likita bai ce jiƙon ne ba, don ba wanda ya gaya masa.

Kwanan baya 'yata Hadiza, mai karatun haɗa magunguna, ta ce mini masana na gwada ruwan irin waɗannan ganyayen a kan ɓeraye masu sukari, ko zai rage mantuwa. Da Yaya na raye, na san abin da zai ce: “Ka ji ko? Ɓera ma aunawa ake yi masa, ni kuwa kofi-kofi kuka ɗura mini.” Ban raina ganyen ba. Hannunmu nake tuhuma.

Bara aka ce ni ma ina da ciwon, kuma sau biyu ke nan ina manta inda na ajiye mota. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Na ɗauka barkwancinsa ne kawai Yaya ya bar mini, ashe akwai abin da ya fi shi nauyi. Makon jiya matarsa Hajiya Mariya, wadda ta riƙe ni tamkar uwa, ta taso tun daga unguwar Stapleton, inda take zaune yanzu, da gorar jiƙo a jaka.

“Sha, Baban Hadiza. Yayanka ma shi ya riƙe shi.”

“Hajiya, ki yi haƙuri. Sai likita ya gani.”

Ta ce, “Wato mu muka kashe shi?”

Ta mayar da gorarta jaka ta fita. Na bi ta har bakin titi, amma na kasa ce mata a'a, ba mu muka kashe shi ba.