Baban Ango Cikin Rigar Amarya

Ina tsaye bayan majigi a liyafar bikin ƙanwata Rahila a Narayi, sai na ji jama'a sun kwashe da dariya. Na ɗaga kai. A jikin bango ga kan baban ango, tsohon soja mai gashin baki, amma daga wuya zuwa ƙasa farar rigar amarya ce, har da furanni a hannu.

Ni na rubuta manhajar da ke sauya hotunan. Ƙa'ida ita ce ta jira direba, wato ɓangaren da ke kula da katin hoto na kwamfuta, ya ba ta alama cewa an gama zana sabon hoto kafin ta nuna shi. Ni kuwa na ga jiran ɓata lokaci ne, na cire shi. Sai ta hasko rabi sabo rabi tsoho, ta kuma maƙale a nan.

Anti Ladi, ƙanwar mamanmu, ta taso daga wajen tukwane, ludayi a hannu.

"Bitrus, me ka yi wa surukinmu?"

Na fara bayani, ta katse ni: "Wato mai girki ba ta ce abinci ya nuna ba, kai ka kwasa ka kai wa baƙi?"

Shekara huɗu ina karatun kwamfuta, ba malamin da ya taɓa fayyace min haka.

Baban ango dai cewa ya yi a bar hoton, wai rabonsa da siririn ƙugu irin wannan tun yana kurtu.

Na mayar da jiran. Ku fa, wane "ɓata lokaci" kuka taɓa cirewa ya kunyata ku?