Iccen da Gara ta Rarake wa Yaya Garba

Da damanar nan Yaya Garba ya cika shekara talatin da bakwai da rasuwa. Wana ne, ciki ɗaya, kuma a zamaninsa Anka ba ta da mai busa algaita kamarsa.

Wani Bature ɗan Ostireliya da ke koyarwa a Gummi ne ya jawo mana. Yana da wani dogon icce mai rami da mutanen ƙasarsu na asali ke busawa, ana ce masa dijeridu. Ya ce sai an yi watanni kafin a iya busa shi numfashi bai yanke ba. Yaya ya karɓa, ya cika kumatu yadda ya saba da algaita, yana shaƙa ta hanci, sauti bai tsaya ba. Ya miƙa masa abinsa ya ce, "Mi ad da wuya ga wanga?"

Daga nan ya shiga dajin Bukkuyum neman reshen da gara ta rarake. Ya samu, ya kankare, ya shafe bakin da kakin zuma. Burinsa ya haɗa shi da goge da kalangu da sarewar Fulani, shi yana gurnani daga ƙasa, su suna hawa bisa. Sau ɗaya makaɗa suka yarda, a wani biki. Mai goge ya ce sa ne ya faɗa rijiya, aka kwashe da dariya. Har da ni, kuma ya gan ni.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ni ɗin dai ya kira, ya nuna mini iccen. "Aje min shi," in ji shi, "wata rana a so shi."

Kwanan baya 'yata ta nuna mini a waya: makaɗa cike da dandamali da gogensu na Turawa, mai dijeridu a tsakiya, kowa na bin sa. Me Yaya zai ce? Na san shi, ba zai yi gori ba. Zai tambaye ni ina nasa, tunda dajin da ya samo shi yau ba mai iya shiga.

Shekara biyu bayan rasuwarsa indararon ɗakin Inna ya karye, ruwa na cin bango. Na ɗauko iccen, na rage masa tsawo da zarto, na kafa. Har yau ina jin kunyar wannan aiki. Inna kuwa har ta bar duniya, da an fara ruwa sai ta jawo tabarma bakin ƙofa ta ce, "Ji Garba." Na sha zama kusa da ita ina kasa kunne. Ni ban taɓa jin komai ba sai ruwa.