Motar Masu Nauyin Baki

A ofis Mai Lodi suke ce mata, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba, don ubanta ma da lodi ya ciyar da su. Ɗan kamasho ne a tasha, mutum mai murya kamar ya haɗiye lasifika. Ita kuwa kwamfuta ta karanta, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke koya wa na'ura jin maganar mutane. Nata aikin shi ne rubuta manhajar da ke ɗebo muryoyin da aka naɗa, ta cakuɗa su, ta jera su rukuni-rukuni ta miƙa wa na'urar, in sun ƙare a sake zagayowa. Irin aikin nan ne da ba a tuna mai shi sai ranar da ya tsaya.

Ana nan sai Baba ya yanke jiki ya faɗi a tasha. Shanyewar ɓarin jiki ta tafi da hannunsa, ta ɗaure masa harshe. Kalma ɗaya sai ya yi ta ja, Inna tana cewa, "Ruwa, Malam? Ko in gyara maka filo?" Shi kuwa ya rufe ido don takaici. Rufe idon nan ne ya hana Mai Lodi sukuni. Ta ƙudura sai na'urarsu ta ji abin da ubanta ke faɗa.

Cikas ɗin a lodinta yake. Muryoyin rukuni ɗaya dole su jira wadda ta fi su tsawo, shi ya sa tun farko aka ce a zubar da duk wadda ta cika ja.

"Ranka ya daɗe, a bar min su," ta ce wa shugaban sashensu.

"Fasinja ɗaya ya tsayar mana da mota? Hayar injin nan ba sadaka ba ce."

"To in ware musu motarsu daban."

"Ware. Amma ke kika rubuta tsarin, kin san wadda ba ta cika ba, ba ta tashi."

Gaskiyarsa. Rukunin da bai cika ba tsallake shi ake yi, masu nauyin baki kuma ba su taka kara sun karya ba a cikin muryoyin.

Sai ta shiga neman fasinja. Tana tashi daga aiki ta wuce asibiti, sashen gashin ƙashi, inda tsofaffi ke jere a kan benci da tawul a haɓa. Wasu suka yarda ta naɗi muryarsu, wasu 'ya'yansu suka kore ta da harara. A gida kuma ta kara wayar da take naɗa da ita a bakin Baba, idonta a kan allo kada sautin ya yi ƙasa.

"Ƙara faɗa, Baba. Sannu. Ƙara ɗaya."

Ya ƙara. Bawan Allah, bai taɓa ƙi ba.

Muryoyin na dab da cika rukuni sai ciwon ya sake bugun Baba. Wannan karon ko nishi mai ƙarfi bai bar masa ba, sai ido. Ta ci kukanta, ta koma asibiti ta cike gurbin da ya rage, don ba ta san me za ta yi da kanta ba in ta daina.

Ranar da na'urar ta gama koyo, ta jira kowa ya fita cin abincin rana, ta sa abin ji a kunne. Ta fara da wani tsohon direba, allo ya rubuta cewa jikarsa yake tambaya. Wata tsohuwa kuma zagin likita take yi, har Mai Lodi ta yi dariya. Sannan ta buɗe na Baba. Muryar ta taso da kyar, tana ja, tana sarƙewa, rubutu ya fito ƙasanta:

"Ajiye wayar nan, uwata. Zauna kusa da ni."

Ta buɗe na gaba, haka. Na gaba ma haka. Wata da watanni abu ɗaya yake roƙo, ita kuma tana ce masa ya ƙara faɗa.