Takardar da Ta Ce Ja'e Yana da Hankali

Da azumin bana ya kama, shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Dokta Lawal makwancinsa a Wagini. Tare muka yi kiwon awaki da shi, tare muka shiga elementare a Batsari. Shi ya wuce ya zama likita, ni na tsaya a kan allo da alli har na yi ritaya ina hedimasta. Jama'a sun fi saninsa da Likitan Mahaukata, sunan da aka laƙaba masa don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu biyu. Ni Lawali nake ce masa, shi kuma Ɗan Fillo yake ce mini, saboda mahaifiyata Bafillatana ce. Kowace shekara nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Bana na ga idona ya fara gajiya, na ce gara in faɗa tun ina ganin layi.

A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, Lawal yana cikin horon ƙwarewa, wato karatun da likita ke ƙarawa bayan ya riga ya zama likita. A cikin horon akwai wata uku da ake ba kowa zaɓi, ya je duk sashen da ransa ke so ya ƙaro sani. Gwamnati a lokacin hannunta a sake yake, wanda ya ce Ingila sai a yanka masa tikiti. Abokan karatunsa duk suka ɗinka kwat suka hau jirgi, wannan aikin zuciya, wancan aikin ido. Lawal ya zaɓi wani ɗaki mai ƙarafa a taga, a bayan wani asibitin ƙwaƙwalwa a birni, inda kotu ke aika waɗanda ake tuhuma da babban laifi don likita ya duba ko da hankalinsu suka aikata.

Mahaifinsa mahauci ne a kasuwar Batsari, kuma ya riga ya gama shelanta wa duk wanda ya zo sayen tsoka cewa ɗansa zai tafi Ingila. Da labari ya iso shi, sai ya ajiye wuƙa ya ce, "Lawali, mi na yi maka? Ɗiyan mutane na hawan jirgi, kai ka zaɓi gidan mahaukata, mahaukatan ma masu kisan kai?" Ni ma na taya tsohon. Na ce wa Lawal dama tun muna yara na ga alama, kwana biyu kaɗai ya rage a ba shi gado a can. Ya yi dariya ya ce a sashen nan akwai mutanen da suka shekara suna jiran takarda guda, don babu likitan da ke jin abin da suke faɗa.

A satinsa na biyu aka miƙa masa fayil ɗin wani makiyayi mai suna Ja'e, daga wata ruga kusa da Babban Duhu. Da kaka ne shanun da ɗansa na fari ke kora suka faɗa gonar wake. Mai gona ya maka wa saurayin ƙotar gatari a ka, ya kwana biyu ya cika. Aka binne shi, Ja'e bai ce uffan ba. Bayan kwana bakwai, ranar kasuwar Safana, ya tare mai gonar a hanya ya sare shi har lahira, sannan ya taka da ƙafarsa ya je ya zauna a ƙofar 'yan sanda.

Babban likitan sashen wani dattijo ne daga Indiya, mutumin kirki, amma ko Hausa ba ya ji balle Fillanci. Ya riga ya duba Ja'e ta bakin wani ganduroba, ya rubuta abu uku. An tambaye shi sunan ɗansa da ya mutu, ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. An yi masa zancen mutuwar, ko hawaye bai yi ba, har ɗan murmushi ya yi. An ajiye masa abinci, ya ƙi taɓawa muddin da mutum a wurin. Saboda haka dattijon ya rubuta cewa hankalinsa ya gushe, ba zai iya tsayawa gaban shari'a ba. Ma'anar wannan takarda ita ce Ja'e zai zauna a ɗakin nan ba ranar fita, amma igiya ba za ta taɓa wuyansa ba. Abin da ya rage kawai shi ne ƙaramin likita ya sake dubawa ya sa hannu.

Ranar wata Asabar ina cikin gyara jarrabawar ɗalibai a Safana sai ga Lawal a kan babur. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ɗan Fillo, kakanka na wajen uwa, ka taɓa jin ya kira sunan Innarka?" Na ce ko da wasa, ai ita ce 'yar fari, sai dai ya ce waccan. Ya ce ranar da kawuna ya rasu fa, mi tsohon ya yi? Na ce ya kora shanu ya kai su shan ruwa, wanda ya yi masa gaisuwa ya amsa yana murmushi. Ya ce ko ya taɓa cin abinci a gaban baƙo? A nan na gane inda ya dosa. Abin da dattijon Indiya ya kira hauka, mu fulako muke kiransa, kuma wanda ya rasa shi a ruga shi ake yi wa kallon marar hankali.

Muka hau babur muka je rugar. Ƙanen Ja'e ya ce mana yayansa ne ake kai wa rigima ya raba, kuma ya san kowace saniya da uwarta da kakarta. A hanyar dawowa na ce Lawal ya tsaya a gindin wata tsamiya. Na ce masa, "Lawali, ka san abin da kake shirin yi? In ka ce yana da hankali, rataye shi za a yi. Ba kai ka rubuta takardar can ba. Wata uku ne, ka sa hannu ka wuce." Ya ce ba zai sa hannu a kan mutumin da bai ji ta bakinsa ba.

Da aka yi hutun makaranta ya tafi da ni birni in yi masa tafinta, don Ja'e yana jin Hausa amma cikinsa ba ya buɗewa sai da Fillanci. Lawal ya tuɓe farar rigarsa, ya roƙi ganduroba ya tsaya a waje, ya shimfiɗa tabarma. Ya kira Ja'e Baffa, yadda 'ya'yan ruga ke kiran uba, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi shanu, ya tambayi damina. Sannan ya ajiye masa ƙwaryar fura, muka fita muka ja ƙofa. Da muka dawo babu komai a ƙwaryar. Ja'e ya ba mu labarin tun daga gonar wake har ƙofar 'yan sanda, daki-daki, bai tsallake rana ko ɗaya ba. Sunan ɗan nasa kuwa bai fito daga bakinsa ba, sai dai ya ce wancan da ya tafi.

Lawal ya ce in bayyana wa Ja'e hanyoyin biyu, ta hauka da ta hankali, da inda kowace za ta kai shi, kada in rage komai. Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Lawal ba. Na yi son kai a tafintar. Hanyar hauka na shafa mata zuma, na ce akwai abinci, akwai inuwa, akwai rai, wata rana ma ƙila a sake shi. Ja'e ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya ko za a karanta takardar a inda mutanen Safana za su ji. Na ce za a karanta a kotu. Ya ce, "Ina da 'ya'ya mata huɗu. A wajenmu kafin a nemi yarinya sai an bincika har kakan kakanta. Wa zai zo neman 'yar mahaukaci? Na san abin da na yi, na san ranar da na yi shi, na san sakamakonsa. Ka ce wa likita ya rubuta gaskiya." Wannan kam na fassara shi yadda yake.

Dattijon Indiya ya karanta sabon rahoton, ya cire tabarau, ya ce ya yi kuskure kuma zai sa hannu. Abu ɗaya ya tambayi Lawal, ko ya san inda takardar za ta kai mutumin. Shafi biyu Lawal ya rubuta. Na farko ya ce Ja'e yana da cikakken hankali. Na biyu ya bayyana irin baƙin cikin uban da al'ada ta hana shi kuka, ta hana shi ko ambaton sunan ɗansa, ya kwana bakwai abin yana cinsa a ciki, ya roƙi a yi masa sassauci. Kotu ta ɗauki shafin farko. Ba a kai kaka ta biyu ba aka zartar da hukunci. Na yi kusan shekara biyu ban yi wa Lawal magana ba, ko a ɗaurin aure muka haɗu sai in sauya tabarma.

Mutuwar mahaifinsa ce ta shirya mu. A lokacin ya riga ya zaɓi wannan fanni ya zama aikinsa na har abada, kuma a kansa ya tsufa. Ƙananan likitocin da suka biyo ta hannunsa a watanninsu na zaɓi ba su da yawa, amma waɗanda na haɗu da su duk abu ɗaya suke tunawa. Ba ya barin kowa ya rubuta cewa mutum ya ƙi amsa tambaya sai ya je garinsu ya gano abin da mutanen wurin ba sa faɗa. Zancen Ja'e kuwa, har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini ya yi daidai ba, bai kuma taɓa ce mini ya yi kuskure ba.

Yanzu in na zauna nakan tambayi kaina, da Lawal zai leƙo ya ga ƙasarmu, me zai ce? Hanyar Babban Duhu da muka bi mu biyu a kan babur ba ko sanda a hannunmu, yau saboda 'yan bindiga sai mutum ya yi wasiyya kafin ya hau ta. Rugar su Ja'e babu ita. Mutanen ƙauyen Yasore da na ƙauyukanmu na gan su da idona suna gudun hijira a azuzuwan da na koyar, da tabarmi da tukwane. A wancan zamani ran manomi ɗaya da na makiyayi ɗaya sun hana likita biyu da alƙali sukuni wata da watanni. Yau ana binne manoma da makiyaya, ba wanda ke buɗe fayil, balle a tambayi abin da ke cikin kan wanda ya yi kisan. Wata jikar ƙanwata da ke horon ƙwarewa ta ce mini a cikin abokanta ba ta san wanda ya zaɓi sashen Lawal ba, kowa takardar fita waje yake nema. Ban ga laifinsu ba, amma raina ya ɓaci.

Akwai abin da Lawal bai ji ba, ni na ji. Ranar sadakar ukunsa, matarsa Hajiya Rabi ta aiko a kira ni cikin gida, wai ga wata Bafillatana tana tambayar malamin da ya yi tafinta. Na same ta a zaune a gefen rumbu, mace ce da ta manyanta, ta juya mini gefen fuska. Ta ce sunanta Dije, ita ce ta biyu a 'ya'yan Ja'e. Ta yi mini gaisuwa, ta yi wa mamaci addu'a mai kyau. Ta ce dukansu huɗu sun yi aure a gidajen mutunci, ita har ta ga jikoki, kuma ba a taɓa yi wa ɗayansu gorin hauka ba. Na ji wani sanyi a raina, har na fara cewa ina ma likita yana raye ya ji wannan.

Sai ta ce, "Malam, ban gama ba. Baffa ya zaɓar mana, likita ya rubuta, mun gode. Amma da an tambaye mu, da mun ce a kira mu 'ya'yan mahaukaci. Mu zauna ba aure, mu riƙa kai mashi nono yana sha." Ta gyara lulluɓinta, ta ce tana so ta kama motar Safana kafin la'asar.

Shekara goma sha huɗu ina juya maganar nan. Abin da ya rage na Lawal a wurina shi ne mutumin da ya ƙi sa hannu a kan ƙarya ko da ƙaryar za ta ceci rai, wanda kuma ya zauna a tabarma ɗaya da mai kisan kai ya kira shi Baffa. Ban fasa ganin girmansa ba, kuma ban iya cewa Dije ta yi kuskure ba. Allah Ya jiƙan Lawali, Ya jiƙan Ja'e da ɗansa, Ya jiƙan mai gonar wake, mu da muka rage Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu lura da shi ba. Ranar da muka je rugar nan mun tambayi ƙanen Ja'e, mun tambayi dattawa, har zancen shanu mun yi. 'Yan mata huɗu suna tsaye a bakin bukka suna kallonmu. Ni ne mai jin Fillanci, kuma ko sannu ban ce musu ba.